Abin da Baba Yake Faɗa a Kan Kwana

Shekarar da ɓarin jikin mahaifina ya shanye, ina koyarwa a wata makarantar firamare a cikin garin Karaye, shi kuma yana can ƙauyenmu, gaba da Gwangwan kaɗan. Ciwon ya same shi a zaure yana alwalar la'asar. Da aka sallame mu daga asibiti a Kano, hannunsa da ƙafarsa na dama ba sa motsi, bakinsa ya karkace, magana kuma ta kusa ɗaukewa gaba ɗaya. Likita ya ce mu riƙa dawo da shi sau biyu a wata ana yi masa gashi da motsa jiki.

Mu biyu muka rage masa. Mahaifiyarmu ta daɗe da rasuwa. Yayata, wadda ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ita ta ɗauki zaman jinya: ta dafa, ta ba shi a baki, ta juya shi a kan katifa, ta wanke zannuwa kullum. Wanka kuwa wani maƙwabcinmu ke shigowa ya yi masa. Ni nawa rabon shi ne hanya, tunda ni ke da mota.

Motar ƙarama ce, tsohuwa, irin mai ja da tayoyin gaba, na saye ta a hannun wani malami da ya yi ritaya. Ranar asibiti nakan bar Karaye da an sallame sallar asuba, in bi hanyar Rogo, in sauka daga kwalta in hau burji har ƙofar gidanmu. Ni da maƙwabcin mu ɗauko Baba mu kishingiɗar da shi a kujerar baya, Yaya ta tura masa filo a ƙarƙashin kafaɗa, ta miƙo mini gorar ruwa da kwanon abinci. In juyo, in sake ratsa Karayen da na baro, in miƙa Kano. Mu bi layi, a yi masa abin da za a yi masa cikin abin da bai kai awa guda ba, mu kamo hanyar gida. In na ajiye shi na dawo Karaye, ana kiran magariba, wani lokacin ma an idar. Washegari in tsaya gaban 'yan aji huɗu da alli a hannu, bayana kamar an daka shi a turmi.

Baba direba ne. Ya fara da karen mota yana saurayi, ya ƙare da tuƙa ƙaramar motar haya tsakanin Rogo da Kano har gemunsa ya yi fari. Amma bai taɓa bari na riƙe sitiyari ba. Cewa yake direba ɗaya ya isa a gida, ni in yi karatu. Sai da na haura arba'in na koyi tuƙi a hannun wani, kuma tun yana da lafiya bai taɓa yaba tuƙina ba. In ya shiga motata sai ya yi ta kallon ƙafata a kan kuloci yana girgiza kai.

Bayan ciwon, kalmomin da suka rage masa kaɗan ne: to, a'a, Allah, sai wasu guntaye da yakan fara ya kasa ƙarasawa. A farko ina sunkuyawa in saurara, in yi ta tambaya har in gane. Da watanni suka ja, sai na koyi cewa, “To, Baba,” ba tare da na ji abin da ya ce ba. Ba da gangan na fara ba. Gajiya ce ta koya mini.

Ƙarar ta fara ne a tsakiyar damina, bayan wani mako da aka yi ana ruwa kusan kullum. Burjin ƙauyenmu ya zama jan taɓo, ina afkawa kududdufai ban san zurfinsu ba. Wata Laraba, mun fito daga burjin zan karya sitiyari in hau kwalta, sai na ji daga gaba, ƙas-ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana karya busasshen kara a jere. Da na miƙe hanya ta yi shiru. Na ce dutse ne ya maƙale.

Daga kujerar baya na ji Baba ya ce, “Sha.”

“Na'am, Baba?”

“Sha. Sha.”

Na gangara gefen hanya, na buɗe gorar ruwa, na juya na kai masa baki. Ya kau da kai. Na ce to, ƙila ya fasa. Muka ci gaba. A cikin Karaye na sha kwanar kasuwa, ƙarar ta dawo, Baba ya sake cewa, “Sha!” Na sake tsayawa, ya sake kau da kai. Ranar sai da na tsaya sau huɗu kafin mu shiga Kano. Na ɗan yi zaton ko faɗa yake mini a kan yadda nake shan kwana, kamar yadda ya saba, sai na rage gudu. Bai daina ba. Na yanke a raina cewa rigimar mara lafiya ce.

Ƙarar dai ta dame ni, don haka ranar Asabar na kai motar wurin makanikena a Karaye. Matashi ne mai fara'a, ba mugu ba ne, aiki ne ya yi masa yawa. Na same shi da motoci uku a buɗe.

“Sannu da aiki, Injiniya.”

“Yawwa Malam, sannu da zuwa. Ya makaranta? Ya mai jiki?”

“Da sauƙi, alhamdu lillahi. Motar ce take wata ƙara ta gaba in na sha kwana.”

Ya sa jak ya ɗaga tayar dama, ya kama ta sama da ƙasa ya jijjiga. Ta ɗan yi motsi.

“Ka gani? Boljoyin ne ya mutu.”

Ya nuna mini shi, wata gaɓa ce da ke riƙe da taya ta ƙasa. Ni ban san komai a kai ba, na ce ya canja. Na zauna a benci daga hantsi har bayan azahar. Da ya gama na biya shi, na yi godiya, na tayar. Ko nisa ban yi ba, a kwanar farko, ƙas-ƙas-ƙas-ƙas. Na riƙe sitiyari na ji kamar in kifa kaina a kai. Ban iya komawa ba. Na wuce gida na kwanta.

Mako na zagayowa na koma. Wannan karon na ce masa, “Da ka shigo mu ɗan zaga ka ji da kunnenka.”

Ya dubi motocin da ke jiransa, ya goge gumi da bayan hannu. “Malam, ko daga nan na san ciwonta. In ba boljoyin ba ne, to tayarod ne. Ba ya wuce nan.”

Tayarod ɗin ita ce sandar da ke kai juyin sitiyari ga taya. Aka canja ta. Wata Asabar ɗin ta tafi a kan benci. Ƙarar kuwa tana nan, ta ma ƙara kauri. Daga ranar na daina zancenta. In na ga kwana na tahowa sai in ƙara muryar rediyo. Matata ta ce in nemi wani makaniken, na ce mata zan nema, ban nema ba. Tunanin in sake zama gaban wani ina kwaikwayon ƙara da bakina ma kaɗai gajiyar da ni yake yi.

Abin ya kai ƙarshe wata ranar asibiti, muna fitowa daga Kano. An ɓata mana lokaci ƙwarai a layi, ban ci komai ba tun safe, ga cunkoso, ga zafin da yake zuwa kafin hadari. Muka shiga wani babban shataletale, inda dole ka riƙe sitiyari a karye ka daɗe kana zagayawa. Ƙarar ta tashi ba tsayawa, har wani mai babur ya juyo yana nuna mini tayata. Baba ya fara dukan bayan kujerata da hannunsa mai lafiya.

“Sha! Sha! Sha!”

Na samu wuri na tsaya da ƙyar, ana ta yi mini ham. Na fizgo gorar, na juya na tura masa ita a baki. Ya sa hannu ya make ta. Ruwa ya zube masa a gaban riga, ya jiƙa filon.

Ban san lokacin da muryata ta tashi ba. “Baba, don girman Allah me kake so in yi maka? Ka ce sha, na ba ka, ka ƙi! Wallahi na gaji!”

Ban taɓa ɗaga masa murya ba tun da aka haife ni. Ya dube ni da idonsa mai buɗewa sosai, ya daɗe yana dubana, sa'an nan ya juyar da fuskarsa jikin kujera. Daga nan har ƙauye bai sake cewa komai ba. Ƙarar ta yi ta yi a kowace kwana. Na kashe rediyon ma.

Mun isa bayan la'asar. Da muka shigar da shi ɗaki, Yaya ta taɓa rigarsa ta ji danshi.

“Me ya jiƙa shi haka?”

Na gaya mata, har da ƙarar da motar ke yi, ban da ɗaga muryar. Ta dube ni, na san ta gane akwai saura, amma ba ta tambaya ba. Ta durƙusa a gabansa, ta kama hannunsa na hagu.

“Baba, ruwa kake nema a mota?”

“A'a.”

“Shayi?”

“A'a.”

“Magani?”

“A'a.”

Ta waiwayo ta dube ni, ta koma gare shi. “Maganar motar ce?”

“To!”

Ya zare hannunsa daga nata, ya dunƙule shi, ya riƙa murɗa wuyan hannun a hankali, yana ƙas-ƙas da harshe. Sa'an nan ya ce, “Sha…” leɓensa na ƙasa yana rawa, yana neman wani abu da ya ƙi fitowa.

Yaya ta dafe ƙirji. “Shaf! Baba, shaf kake cewa?”

“To! To! Allah!”

Ta juyo wurina. “Ba ka tuna ba? Ai kana makarantar kwana lokacin. Akwai ranar da shaf ɗin tayar motarsa ya karye masa a hanyar Kano da fasinja cike da mota, sai washegari ya dawo gida. Ya yi wata yana ba da labarin. Cewa yake tun da ya ji ƙarar a kwana ya san za a yi haka, mai motar ne ya ƙi gyarawa.”

Na fita waje na durƙusa gaban tayar hagu, wadda ba wanda ya taɓa duba ta, na karya sitiyari na leƙa. Cikin tayar duk baƙin maiƙo ne ya fantsama, ya cakuɗe da jan laka. Na daɗe a durƙushe a wurin. Wata ɗaya da rabi mutumin nan yana gaya mini abin da ke damun motata, ni kuma ina tura masa gorar ruwa.

Na koma ciki na zauna a bakin katifarsa. Na ce, “Baba, ka yafe mini.” Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Sai ya ɗaga yatsa ya nuna gabas ya ce, “Rogo.” Kalmar ta fito tsaf, kamar ba shi da ciwo.

Mu duka mun san wanda yake nufi. Akwai wani tsohon makanike a bayan tashar Rogo wanda ya yi shekaru yana gyara wa Baba mota. Tun muna yara Kawu muke ce masa. Na ce zan kai masa motar ranar Asabar. Baba ya bugi ƙirjinsa. Yaya ta ce, “Da shi za ka.” Na buɗe baki zan ce wahalar za ta yi masa yawa, na tuna abin da na yi ɗazu, na rufe.

Ranar Asabar muka isa da hantsi, ina tafiya kamar mai ɗauke da ƙwai. Garejin Kawu ba wani gini ba ne, inuwar darbejiya ce da rumfar kwano da akwatin ƙarfe na kayan aiki. Shi ma ya tsufa, ya ranƙwafa, gilashinsa ɗaure da zare. Da ya leƙa bayan motar ya ga wanda ke ciki, sai ya cire hula ya mayar.

“Oga! Kai ne? Sannu, sannu. Ya jiki? Ya ƙarfin jiki? Wallahi na ji labari, ƙafa ce ta hana ni zuwa. Sannu Oga. Allah ya sa kaffara ne.”

Duk gaisuwar nan Baba da “to” yake amsawa, amma fuskarsa ta saki yadda ban ga ta saki ba tun da ya kwanta. Muka fito da shi muka zaunar a wata tsohuwar kujerar mota da aka jingina da gindin bishiyar. Na fara ba Kawu labarin boljoyin da tayarod, ya ɗaga mini hannu.

“Tsaya, Malam. Wanda ya canja su ya shiga motar ya ji ƙarar?”

“A'a.”

“To mu je mu ji tukuna.”

Akwai wani fili a gefen garejin inda ake shanya masara da kaka. Ya ce in shiga tsakiya, in sauke gilasai, in karya sitiyari hagu har ya tsaya, in sa giya ɗaya in riƙa zagayawa a hankali. Na yi. Ƙas-ƙas-ƙas-ƙas. Yana biye da ni a ƙafa, ya sunkuya da kunnensa wajen tayar hagu, ya zagayo wajen ta dama. Ya ce in karya dama in sake. Ƙarar ta ragu. Ya ce in karya hagu kuma, in ja da baya. Nan ta tashi da ƙarfi har Baba ya ɗaga hannu daga inda yake zaune.

Kawu ya yi dariya ya ɗaga masa murya, “Na ji, Oga! Kan shaf ne, na hagu!”

Da na fito ya yi mini bayani, yana ɗaga motar da jak. Ya ce in boljoyin ne ko tayarod, ƙara ɗaya za ka ji, gwaf, in ka faɗa rami ko ka hau gargada, ko lokacin da ka fara murɗa sitiyari. Amma ƙarar da take bin juyin taya, tana maimaita kanta a jere, tana ƙaruwa in ka taka mai a cikin kwana, ta ɓace in ka miƙe, wannan kan shaf ne. Shaf shi ne sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayar gaba, kansa kuma gaɓa ce da ke lanƙwasa duk inda taya ta juya. Ya cire tayar ya nuna mini wata baƙar roba mai ninki-ninki da ta lulluɓe gaɓar. Ta yage, yatsu biyu za su shiga.

“Ka ga mafarin abin. Robar nan ita ke riƙe giris a ciki. Wani kara ko dutse ya yaga ta a taɓo, giris ya fita, yashi da ruwa suka shiga. Da a makon farko aka gani, roba kawai za a canja a cika giris. Yanzu kam ya ci kansa.”

Ya kwance babban noti na tsakiyar taya da dogon bututu, ya saki ƙasan, ya zaro shaf ɗin, ya buge kan da guduma ya fita. Ya wanke shi a cikin fetur ya kawo wa Baba, ba ni ba. Ƙwallayen ƙarfen da ke ciki duk sun yi tabo, hanyoyin da suke bi sun zaizaye, kejin da ke riƙe su ya tsage ta gefe guda. Baba ya sa babban yatsa ya bi tsagar, ya dube ni. Kawu ya ce, “Da ya ƙarasa fashewa, motar tsayawa za ta yi cak, inji na kuka taya ba ta juyawa. Ka gode wa Allah ba a tsakiyar daji da mara lafiya ba.”

Ya tafi wurin mai sayar da kayan gyara a bakin tasha ya dawo da sabon kai a kwali. Na ji daɗi, na ce kafin azahar mun gama. Baba ya miƙa hannu, aka ɗora masa a cinya, tsohon da sabon. Ya riƙa bin ƙananan haƙoran da ke jikin sabon da farce, ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi. Ya koma kan tsohon ya yi haka. Ya ɗago.

“A'a.”

“A'a kuma, Oga?”

“A'a.”

Kawu ya karɓa, ya gyara gilashi, ya sa alli ya yi alama a haƙori ɗaya, ya ƙirga. Ya sake ƙirgawa. Ya yi tsaki. “Da gaskiyarsa. Wannan ya fi da haƙori ɗaya, ba zai shiga ba. Ido ya tafi, Malam.”

Babu irin namu a Rogo. Kawu ya buga wa wani direba da ke lodi a Kano waya, ya gaya masa adadin haƙoran, ya ce ya taho da shi. Sai jira. Na shimfiɗa wa Baba tabarma a ƙarƙashin rumfa, na ba shi abincin da Yaya ta ƙunso, rabi yana shiga rabi yana zuba. Muka yi azahar a wurin, shi a kishingiɗe. Labari ya kai tasha cewa yana nan, tsofaffin direbobi suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya suna durƙusawa suna gaishe shi, suna tuna masa wace mota ya taɓa ja musu, wane rami ne aka cike a wace hanya. Ni kuwa na jingina da tayar da aka cire, kaina na sara, ina ta tunanin jarrabawar da ban tsara wa 'yan ajina ba. Hadari ya haɗu ya watse bai zubar ba.

Sai bayan la'asar kayan ya iso. Kawu bai buɗe ba sai da ya miƙa wa Baba. Aka sake bin haƙora da farce. “To.” Kawu ya goge sandar, ya zura sabuwar roba, ya cusa baƙin giris cikin sabon kan har yana fitowa ta tsakanin ƙwallayen, ya buga shi ya zauna, ya ja robar ta rufe, ya ɗaure bakinta biyu da zoben ƙarfe. Ya mayar da komai, ya sa ni na taka birki ya ɗaure babban notin da dukan nauyinsa. Kafin ya sauke jak ya zagaya ya duba robar dama, ya ce tana da sauran kwana, amma in riƙa leƙa ta duk bayan na ratsa taɓo.

Da za a gwada, Baba ya nuna kujerar gaba. Muka sa shi a nan, na ɗaura masa bel. Na shiga filin, na karya hagu har ƙarshe, na zaga. Na karya dama. Na ja da baya. Ba abin da ake ji sai tayoyi a kan tsakuwa. Baba ya karkata kai ya saurara har na zaga sau uku, sa'an nan ya ce, “To.” Ya lumshe ido. Kafin mu fita daga Rogo ya yi barci, kansa ya faɗo a kafaɗata, na tuƙa a haka.

Na zaci zan ji sanyi a raina. Abin da na ji kawai shi ne nauyin jikina.

Da muka kwantar da shi, na ɗauki makulli zan kama hanyar Karaye, Yaya ta biyo ni zaure.

“An gyara?”

“An gyara. Yadda ya faɗa ne.”

Ta gyaɗa kai, ta jingina da bango. A hasken yamman nan na lura da yadda ta rame, zanin ya yi mata yawa.

“Na san ka yi masa tsawa ran nan,” in ji ta. “Ba zan ga laifinka ba. Ni ma na yi, ba sau ɗaya ba. Amma kai in ka gaji, a hanya ka gaji, kana ganin mutane. Ni wata shida ban wuce ƙofar gidan nan ba. 'Yata ta haihu a Tudun Kaya, an yi suna, an yi arba'in, ban ga jaririyar ba sai a waya.”

Na tsaya da makulli a hannu. Na san an yi haihuwar, har na aika da turmin atamfa, amma ko sau ɗaya ban tambayi kaina yadda za a yi ta je ba.

Na ce, “Ranar Juma'a in an tashi daga makaranta zan taho. Ki shirya, in kai ki, in dawo in zauna da shi har Lahadi.”

“Za ka iya?”

“Ki nuna mini.”

Haka aka yi, kuma haka muka ci gaba da yi duk bayan mako biyu. Ta nuna mini yadda ake tallafo shi ta ƙarƙashin hammata ba a jan hannun da ya shanye, da kaurin kunun da ba ya sarƙe shi, da yadda ake tambayarsa abu ɗaya-ɗaya a jira. Hannun dama bai dawo ba. Maganar ma ba ta ƙaru da yawa ba, sai dai ƙafar ta ɗan yi ƙarfi har yana tsayawa in an riƙe shi, likita ya mayar da zuwanmu sau ɗaya a wata.

Asabar ɗin farko da na zauna da shi ni kaɗai, na sallami maƙwabcinmu na ce ya je gonarsa, ni zan yi wankan. Ya ɗauke ni fiye da awa guda, na jiƙe sharkaf, na sa masa riga a baibai sai da na sake cirewa. Na yi masa aski da reza, na yanke shi kaɗan a haɓa, bai yi ƙorafi ba. Da na gama na jingina shi da filo a inuwar ɗaki, na ɗauko littattafan 'yan ajina da jan biro na zauna a tabarma kusa da shi zan duba. Na duba guda huɗu. Kiran sallar la'asar ne ya tashe ni, biron yana hannuna.